Maki Biyu a Kan Sauraro

A ɗakin jiran likitan ido, wani dattijo ya miƙa wa matar da ke kusa da shi wayarsa.

"'Yata, karanta mini. Ni ne shugaban kwamitin makarantar unguwarmu. Bana a intanet muka auna kanmu, kowa ya ba da maki a ɓoye."

Ta duba. "Zuwa taro a kan lokaci, biyar cikin biyar. Sauraron mambobi kuwa, biyu, Baba."

"Biyu! Su wa suka ba ni?"

"Babu suna. Amma Baba..."

"Kin gani ko? A da, cikin aji muke zama, kan bencin yara, gwiwa har haɓa, mu rubuta burin shekara a allo. Akwai wani kafinta cikinmu, Allah ya jiƙansa, sai ya bugi tebur ya ce, 'Shugaba, ka cika surutu!' Mu yi ta faɗa, mu tashi mu tafi gida tare."

"Baba, ai..."

"Yanzu kowa yana ɗakinsa yana latsa waya. A taro kuwa sai 'haka ne, ranka ya daɗe.' Ga gurbin burin bana can ƙasa, kwana uku na rasa abin rubutawa."

"Baba! Sau uku nas tana kiran lambarka. Wallahi ka cika surutu!"

Dattijon ya tsaya yana kallonta, idonsa ya ciko.

"Shekara tara rabon da a faɗa mini haka ido da ido. Kafin in shiga, cike mini gurbin nan, 'yata: bana Shugaba zai yi shiru."