Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, iyaye mata da 'yan'uwana na zumunta. Ni ce Saratu, matar marigayi kafinta, wadda kuke ce wa Maman Hannatu. Ban yi makaranta ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba. Hannatu ce ke riƙe da alƙalami, baki nawa ne, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

Kuna ce mini Maman Hannatu, amma ba ita ce ta fari ba. Akwai babba, namiji. A ƙauyenmu na ƙasar Kano, kafin aiki ya kawo mu Yobe, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kunya ce. Tawa kuwa ninki biyu ce, domin sunan surukina aka sa masa. Tun yana rarrafe har ya yi gemu, daga "kai" sai "wancan". Kuma ina taƙama da haka, ba zan ɓoye muku ba. In na ji matan yanzu suna ƙwala wa ɗan fari kira a tsakar gida, sai in taɓe baki in ce tarbiyya ta ƙare daga kanmu.

Wannan babban nawa a gidan kawunsa na Kano ya yi karatu, a can ya musulunta. Na yi kuka na share hawayena, ɗa dai ɗa ne. Ya yi ƙoƙari har aka ba shi gurbin karatu a Makka. Ya kama ɗaki a Tandabawi, wata tsohuwar unguwa kusa da babban masallacinsu, a gidan wata Hajiya Gambo, Basakkwatiya mai sayar da tuwo da masa, wadda ta je aikin hajji tun tana da ƙuruciya ba ta dawo ba. Kowace Lahadi in na taso daga sujada yakan kira ni. Ya san lokacin, bai taɓa kira muna tsakiyar waƙa ba.

Sai tashin hankali ya zo. Ba sai na ba ku labari ba, da ku aka yi. Yaran nan na daji suka ƙone abin da suka ƙone, suka kashe namu, suka kashe nasu. Gwamnati ta turo sojoji, ta hana hawa babur, ta sa dokar hana fita, daga ƙarshe ta kashe layin waya a jihar gaba ɗaya. Rediyo kullum yana cewa an ci ƙarfinsu. Mu kuwa wayoyinmu suka zama duwatsu a ƙarƙashin matashin kai.

Ana cikin haka wani direba mai jigilar Kano ya yi sallama a ƙofar gidana, hularsa a hannu. Ya ce saƙo ne daga kawun yaro: an kama babbana a Makka, in nemi inda waya ke kamawa in kira wannan lamba, kada in ɓata lokaci.

Hannatu ta rufe keken ɗinkinta, muka kama hanyar Azare, don can ne layi yake.

Tafiyar da a da kafin tuwo ya huce an kai rabi, ranar mun kusa wuni a kanta. A kowane shinge sai a sauke mu, mu ɗaga hannu sama, mu taka a ƙasa, mota na bin mu a baya. Ni da na haifi wanda ya girmi sojan nan, hannuna a sama kamar ɓarauniyar akuya. A wani shinge aka ware samari biyu daga motarmu aka zaunar da su a rana. Direba ya jira, ya jira, aka daka masa tsawa ya ja.

Muna shiga Azare, wayar Hannatu ta farfaɗo. Muka kira. Muryar Hajiya Gambo kamar ana buga gwangwani.

Ta ce 'yan sanda ne suka tare shi a unguwar Aziziyya yana jiran mota. Takardarsa ta zama lafiya lau, amma da suka duba sai suka ga sunansa ya yi daidai da na wani da ake nema. Wani ofis daga nan gida ne ya aika wa ƙasashe sunaye, ba hoto, ba sunan uba, suna kawai da jiha. Ga fasfo ya nuna Yobe. Ya ba su lambata, suka yi ta kira ba ta shiga, suka ce ƙarya yake yi, lambar bogi ce. Ya ce gwamnati ce ta kashe layin, suka yi dariya, suka ce wace gwamnati ce za ta toshe bakin mutanenta.

"Yaya Saratu, garin nan ya canza mana," in ji ta. "Da, in ka ce daga Najeriya kake, Balarabe ya yi maka zancen ƙwallo. Yanzu mai kanti sai ya leƙa jakarki kafin ya ba ki sukari. Ni da na tsufa a nan, yara a lungu suna yi mini ƙarar bam da baki."

Ta ce in ba a samu wanda ya tabbatar da shi ba, za su miƙa shi gida a matsayin wanda ake zargi. Na san inda ake kai irin waɗannan in sun sauka daga jirgi, na kuma san ba a cika dawowa ba.

Ta roƙi wani malaminsa ya sa baki, aka yarda za a kira ni da la'asar. Muka zauna a rumfar wani mai shayi, waya a cinyata.

Ta yi ƙara. Wani yaro ne tafinta, irin Hausawan da aka haifa a can, Hausarsa ta sha Larabci har ta ƙoshi. A bayansa ina jin wani babban mutum yana magana a gajarce.

"Ya hajiya, ke ce uwa?"

Na ce ni ce uwa, amma ni ba hajiya ba ce.

"To. Mene ne sunan ɗanki?"

'Yan'uwa, bakina ya rufe. Ba shawara na yi ba, rufewa ya yi da kansa. Na ce ai kun san shi, shi ne babban, yana hannunku. Ya sake tambaya. Na ce dogo ne, yana da tabo a gwiwar hagu. Hannatu na zungurina tana raɗa mini sunan, kamar mantawa na yi. Na miƙa mata wayar, yaron ya ce a'a, uwa aka ce. Na ji ya juya yana gaya wa mai gidansa wani abu, na ji an yi tsaki, layi ya mutu.

Ba a jima ba Hajiya Gambo ta kira. Ban taɓa shan faɗa irin wannan ba tun da uwata ta rasu.

"Ke wace irin mace ce? Tafintan ya ce musu an ɗauko wata tsohuwa haya, ko sunan ɗan ba ta sani ba! Shi ina ya san kunyar ɗan fari? A Jidda aka yanke masa cibi. Ki riƙe kunyarki ki dafa ta ki ci, tunda ta fi miki ɗa."



Muka nufi majami'ar da ke kusa, matar fasto ta ba mu tabarma. Na shiga ciki ni kaɗai, rana na shirin faɗuwa, na durƙusa a gaban benci. Ban iya addu'a mai tsari ba. Na ce, Ubangiji, ga ni, Saratu mai taurin kai. Kai ka san kowa da sunansa, ba ka jin kunyar kiran ko wane. Abin da nake taƙama da shi yau ya zama igiya a wuyan ɗana. In ka buɗe mini ƙofa sau ɗaya tak, zan shiga ko da rarrafe. Na yi kuka har zanina ya jiƙe. Daga nan na gwada faɗin sunan a hankali, ni da bango. Harshena ya yi nauyi kamar na ɗauki turmi da shi. Na sake. Na sake.

Hajiya Gambo, duk da bakinta, ba ta zauna ba. Ita da ba ta da takardar zama, wadda in ta hango motar 'yan sanda take canza lungu, ta sa mayafinta ta je har ƙofar ofishin ta tare tafintan nan. Ta tambaye shi ko ya taɓa jin kakarsa ta kira sunan babansa. Ya ce wallahi bai taɓa ji ba, ya ɗauka ba ta son baban ne. Shi ya koma ciki ya roƙa a sake kira.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara.

"Ya uwa, mai gida ya ce wannan ne na ƙarshe. Sunan ɗanki."

Na miƙe tsaye. Na faɗa. Da ƙarfi na faɗa, har matar fasto ta leƙo daga madafa.

"Sunan ubansa?"

Wayyo. Mijin da na zauna da shi har ya koma ga Ubangiji ban taɓa kiran sunansa ba. Na faɗa.

"Sunan kakansa?"

Na ce ai shi ne na farkon, shi aka mayar. Ya ce sai na faɗa. Na faɗa. Suna uku, a tsaye, a gaban 'yata.

Suka tambayi garin da aka haife shi, na gaya musu har da bishiyar da ke ƙofar gidan. Suka tambayi sunana. Da na ce Saratu, mai gidan ya sa a tambaye ni addinina. Na ce a raina ko wannan ne zai ƙarasa shi. Amma wanda ya buɗe mini baki ba zan yi musunsa ba. Na ce ni mai bin Yesu ce, ɗana Musulmi ne, nono ɗaya ya sha da wadda ke tsaye kusa da ni, kuma waɗanda kuke nema sun ƙone majami'armu sun ƙone masallacin unguwarmu a mako guda.

Ina jin takardu, ina jin Larabci. Sai wata murya ta ce, "Inna."

Ashe yana ɗakin tun farko. Duk ya ji. Tafintan ne ya karɓa ya ce sunan uba da na kaka sun yi daidai da abin da ɗana ya faɗa musu, za a ƙarasa bincike.

Ba ranar aka sake shi ba. Sai da malaminsa ya tsaya masa, aka yi ta kai da kawo, ni ina Azare a kan tabarmar mutane na ƙi komawa inda waya ba ta kamawa. Ranar da ya fito, Hajiya Gambo ce ta kira, tana faɗa tana kuka, wai ya rame kamar tsinke kuma ya cinye mata masar ciniki. Halleluya! Ya koma karatunsa. Ya ce har yanzu in ya miƙa fasfo sai an dube shi sau biyu, amma yana kwana a ɗakinsa.

Na gode wa Ubangiji da ya karya ni a inda nake ganin na fi ƙarfi. Na gode masa don Hajiya Gambo, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba, kuma garin da take ba zan taɓa shiga ba. Ku sa ta a addu'a.

Amma kada ku tafa tukuna. Ni an kira ni an tambaye ni, har sau biyu. A layinmu kaɗai akwai Maman Bulus, akwai Ya Falmata mai ƙosai, waɗanda aka kwashe 'ya'yansu a mota da sassafe. Sun je bariki, sun je ofis, suna faɗin sunayen 'ya'yansu ga duk wanda ya tsaya, har yau ba wanda ya ce musu ga inda suke. Ina roƙonku mu tashi tsaye yanzu mu ambaci yaran nan ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji, namu da nasu, mu roƙa wa masu mulkinmu hikima da tsoron Allah. Wanda ya ji ni a kan tabarmar aro zai ji su. Ku dogara gare shi, kada ku gaji.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.