Turken Babur a Gyaɗi-Gyaɗi

Raguna biyu da tunkiyata mai ciki na sayar, na haɗa da gyaɗar da na noma da hannuna, shi ne kuɗin da ya kai mu Kano ni da ubanku Habu. Ku daina dariya, ku zauna ku ji. A ciki aka sayi babur na hannu, ragowar muka kama ɗaki a Gyaɗi-Gyaɗi. Shi yana rarraba burodi a shagunan Tarauni har Daurawa, ni ina suyar ƙosai a ƙofar gida. Babur ɗin nan shi ne gonarmu, ba mu da wata.

Mai gidan hayar ba mu taɓa ganinsa ba. Wani siririn mutum ya ɗora mana, wai shi kiyataka. Kiyataka! Mu a garinmu ɗan aike muke cewa. Ranar farko Habu ya turo babur zai shiga soro, mutumin ya tare ƙofa.

"Inna, nan ba wurin fakin ba ne. Baƙin mai zai ɓata tayil."

"Tayil ɗin ne zai ciyar da mu in an ɗauke?"

"Ya kulle wuya, ai akwai 'yan sintiri."

Kulle wuya! Ina zaune gaban kasko ranar Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, na ga samari sun tsaya da adaidaita sahu a bakin layi, suka ciccibi babur ɗin wani tela da wuyansa a kulle, suka jefa ciki. Har da wani abu mai ihu a jikinsa, wai alam. Ya yi ta kuka kamar ɗan akuya, ba wanda ya leƙo. Ni kaɗai na yi kururuwa, kafin na miƙe sun sha kwana.

Washegari na tafi wurin masu walda na sa aka yi mini turke na ƙarfe mai zobe a kai, kauri kamar taɓarya. Na haƙa rami a gefen murhuna, na zuba siminti, na sayo sarƙa da ƙaton kwaɗo. Kiyataka ya zo yana kumfar baki, wai na fasa ƙasar Alhaji. Na ce masa Alhajin ya zo da kansa ya tuge. Bai zo ba. Na koya wa Habu: sarƙa ta ratsa ƙafar baya, ta zagayo ƙarfen jikin babur, sannan ta shiga zobe. Ƙafar gaba ba a ɗaure ta, kwance ta suke su bar maka ita. Ko alwala zai shiga, sai ya ɗaure.

Kuma ya yi aiki. Wasu ma sun zo da shadda mai sheƙi, wai Habu ne ya aiko su kai babur wurin bakanike. Na ɗaga matsami daga cikin mai yana tafasa, na ce su matso in ga fuskarsu da kyau. Ba su matso ba.

Abin da ban sani ba, 'yan majalisar layin sun sa wa ubanku suna. Mai jakin Inna. In ya durƙusa yana zura sarƙa sai su kama kukan jaki. Mutum da gemunsa, wai kunya ta kama shi! Su da ba su da ko keke.

Yayata ta rasu, na zo gida gaisuwa, na damƙa masa makullin kwaɗo a tafin hannu. Da na koma, tun daga bakin layi na hango turke tsaye, sarƙa a naɗe a gindinsa, tsaf, ba wanda ya yanke ta. Habu na zaune a dakali.

"Ina babur?"

"La'asar kawai na shiga, Inna. Na kulle wuya."

"Sarƙar fa?"

Ya sunkuyar da kai. A bakin tela na ji cewa tun ranar da na tafi bai ƙara ɗaurewa ba, don kar a yi masa dariya. Masu dariyar kuwa suna can a kan bencinsu, suna ce mini Allah ya mayar da alheri. Na amsa da amin, don addu'a ce, amma ban kalle su ba.

Mai gidan burodi ya ba wani aikin a satin. Kafin damina muka tattara kasko da tabarma muka dawo a bayan motar taki. Ƙwadago ubanku ya yi a gonar mutane shekara da shekaru kafin ya mallaki ko akuya. Har yau in babur ya wuce ta ƙofar gidan nan sai ku ga ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ban taɓa ce masa ya ɗago ba.