Wanda Ya Yi Mini Dariya Ya Zo Aron Amalanke

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Ila daga wani ƙauye kusa da Gidan Sori, yau murna ta hana ni zama.

Da rani na ɗora karena Duna a amalanke, na kai shi wurin likitan dabbobi aka yi masa allurar rigakafin haukan kare. Mutanen garinmu suka yi ta dariya, wai na mai da kare ɗa.

Kwanan baya Ramatu, matar maƙwabcina, ta taka wutsiyar Duna, ya cije ta. Maza suka fito da sanduna za su kashe shi, tsofaffi suka ce a ƙona gashinsa a shafa mata. Na ƙi. Muka wanke ciwon da sabulu sosai, mijinta ya kai ta likita a moto, wato babur, na bi su da takardar allurar. Aka duba Ramatu, aka ce in ɗaure Duna kwana goma in sa masa ido. Kwanakin sun cika, dukansu lafiya lau.

Jiya mijin Ramatu, wanda ya fi kowa dariya, ya zo aron amalankena zai kai nasa karen.

Malam, ko mage ma ana yi mata? Ina gaida maƙwabcina, ya maido amalanken da wuri, mutum uku na jira.