Allurar da Ta Yi wa Kyaftin Semple Ƙarya

Mai girma Magajin Gari, Mista Gilfillan, shugaban wannan taro; 'yan majalisar gari; limamin cocinmu; manyan sojan ruwa da suka taso daga nesa; iyalan marigayi Ninian Haddow; maƙera da masu buga ƙusa, waɗanda guduma ta cinye wa kunnuwa, saboda ku zan ɗaga murya; jama'ar bakin kogin Clyde maza da mata, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Ina godiya da aka zaɓe ni, ni Dugald Rankine, tsohon jagoran jirage a bakin kogin nan, in yi magana a ranar buɗe dutsen tunawa da abokina Ninian. Amma kada in ruɗe ku. Na zo yabon mamaci ɗaya, na kuma zo neman a wanke sunan wani mamacin.

Na farko, wane ne Ninian Haddow? Ɗan maƙerin tukunyar tururi ne, mai taurin kai, mai ƙarancin fara'a. Ranar da ya ce zai ƙera jirgi da baƙin ƙarfe zalla, duk garin nan dariya aka yi masa, har da ni. Na ce masa, "Ninian, jefa gudumarka a ruwa mu gani, in ta taso ni ne fasinjanka na farko." Ya ce, "Kai dai Dugald kanka katako ne, shi ya sa ba ka taɓa nutsewa ba." Ya ƙera, jirgi ya hau ruwa, bakinmu ya mutu. Daga ƙananan jiragen tururi ya kai ga manya, daga manya ya kai ga jiragen yaƙi masu sulken ƙarfe. Duk gidan da ake hura wuta a garin nan ya ci arzikinsa.

Na biyu, jirgin Grizel, wanda ya sa wa sunan matarsa. Kun san ya tashi cike da 'yan ƙaura, kun san hazon teku ya rufe shi, kun san ya daki dutse a inda bai kamata a ce yana kusa da dutse ba, ya nutse. Iyayenmu da ƙannenmu suna ciki. Kwamitin bincike ya zauna, ya ce kyaftin ɗin jirgin, Aulay Semple, ya bugu da giya ne ya saki hanya. Semple yana ƙarƙashin ruwa, ba shi da bakin karewa. Mutumin da ko ranar aurensa shayi ya sha, shi muka kira mashayi, domin baƙin cikinmu yana neman wanda zai faɗa wa.

Ninian bai yarda ba. Ya sa aka ɗaure wani sabon jirgi a tashar nan, aka yi ta juya shi da igiyoyi a hankali, yana tsaye yana duban kamfas, wato allurar da ke nuna wa jirgi arewa. Ina gefensa. Allurar da ya kamata ta tsaya a arewa sai ga ta tana bin jikin jirgin. Ƙarfen da aka daka da guduma yana jan ta. Sai ya ce, "Dugald, Aulay hanya ya bi. Jirgina ne ya yi masa ƙarya." Ban taɓa ganin namiji ya tsufa a yini ɗaya kamar yadda ya tsufa ba.

Ya je gaban majalisa ya faɗa da bakinsa. Aka ce masa, "Haba Mista Haddow, an rufe magana. Kana so a daina sayen jiragen garin nan ne?" Ya koma, aka ce a yi haƙuri. Ya sake komawa, aka ce magajin gari ba ya nan. A haka ya rasu.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi. Yau babu jirgin da ke barin tashar nan, na fasinja ko na yaƙi, sai an juya shi an gyara allurarsa. Mun karɓi darasin, mun ƙi sakin mutumin da ya biya da ransa. Matar Kyaftin Semple, Euphemia, tana can baya, kusa da ƙofa, inda ta saba zama ko a coci. 'Ya'yanta sun tafi Kanada sun sauya suna. Ita ta ƙi tafiya, ta ƙi sauyawa, ga shi idonta ya fara dushewa. Wannan abu yana ci mini rai, ya kamata ya ci muku.

Mai girma Magajin Gari, kana cikin waɗanda suka zauna a kwamitin nan kana matashi, kai kaɗai ka rage. Ba na neman a tsine wa kowa. Ina roƙonka ka miƙe kafin a yaye ƙyallen da ya rufe dutsen nan, ka ce Aulay Semple bai sha ba, ka faɗa da ƙarfi yadda kuramen maƙera za su gani a leɓenka, yadda za a ji har bakin ƙofa. In ba za ka iya ba, a nemi wani ya buɗe dutsen, ni hannuna ba zai taɓa shi ba.

Allah Ya ji ƙan Ninian Haddow. Allah Ya ji ƙan mutanen Grizel da kyaftin ɗinsu. Allah Ya tsare 'ya'yanmu da ke kan teku, Ya maida kowa gidansa lafiya. Allah kuma kada Ya ɗauki ran Euphemia Semple sai ta ji da kunnenta.

Na gode.