Mukullai Goma Sha Ɗaya a Bakin Tabki

Mai girma shugaban wannan taro, Don Evaristo Painemal. Mai girma magajiyar gari. Fada Anselmo, wanda ya ara mana zauren coci. Uwarmu Doña Ingrid, wadda ke zaune can gaba kamar ba don ita aka taru ba. 'Yan uwana masu gyaran ɗakunan otal, masu girki, direbobi, da masu koya wa baƙi zamiya a kan ƙanƙara. Jama'a maza da mata, barkanmu da ganin wannan rana.

Ni ce Herminia Catrileo, shugabar ƙungiyar ma'aikatan otal. Na rubuta jawabi shafi uku, ɗoki ya sa na baro shi a gida, sai ku yi haƙuri da abin da bakina ya kawo. Tun safe nake dariya ni kaɗai, har mijina Nicanor ya dafa goshina ya ji ko zazzaɓi ne.

Muna godiya ga lauyar da ta bi mana takardu, muna godiya ga masu gashin rago a waje, waɗanda ƙanshin aikinsu zai gajarta wannan jawabi.

Magana ta farko: garinmu ya farfaɗo. Kun tuna shekarar da dutse ya yi aman wuta, toka ta rufe tabki, ta rufe hanya, baƙi suka ɗauke ƙafa. Kowace ƙofa da allon sayarwa, allunan suka koɗe ba mai tayi. Dillalinmu Don Fulgencio, ga shi can yana sunkuyar da kai, sai da ya koma suyar empanada, samosar nan tamu, a tashar mota. To bana ku dube shi! Waya biyu, kowace tana kuka, ya sake ɗauko kwat ɗinsa ko da yake maɓallin ya ƙi rufuwa. Otal sun cika, motoci sun cika, gidan da aka rasa mai kallonsa yau mutum uku ke rububinsa.

Magana ta biyu ita ce ta tara mu. Idan gida ya yi daraja, ɗan haya ne ke fara ji a jikinsa. Shekara ashirin da biyu ina shimfiɗa wa baƙi gado, kuma duk lokacin da ƙanƙara ta fara sauka sai mai gida ya ce in kwashe kayana, masu hutu sun fi ni biya. Mu goma sha ɗaya muka ce ya isa. Muka ji Doña Ingrid za ta sayar da ƙananan gidajen katakon da ta daɗe tana saukar da baƙi a cikinsu, muka haɗa abin da muka tara, muka tafi wurin Don Fulgencio. Ya gaya mana wani attajiri daga Buenos Aires ya riga mu, kuma tayinsa ya fi namu nesa ba kusa ba.

Ya ce, "Ke Herminia, da kuɗin goge-goge za ki ja da mai jirgin sama?"

Na ce, "Kai dai kai mata saƙonmu, in ya so ka koma ga kaskonka."

Ya kai, Allah ya saka masa. Kwana uku ba mu ji komai ba. Kada kowa ya ɗauka abin ya zo mata da sauƙi: mijinta ya rasu, tsufa ya zo, gidajen nan su ne duk abin da ta mallaka. Na ƙona wa baƙo riga wurin guga a kwanakin nan, ni da ban taɓa ba. Rana ta huɗu ta kira mu, muka tarar da attajirin zaune yana shan shayinta. Ta tambaye shi inda yake ranar da nauyin toka ya fara karya mata rufi. Ya ce yana birni, ya gani a talabijin.

Ta nuna mu ta ce, "Ɗana, waɗannan a kan rufin suke da shebur, kuma ba wanda ya kira su."

Mu ta sayar wa, sharaɗi biyu ta kafa mana: gida na goma sha biyu nata ne, a cikinmu za ta zauna, kuma Nicanor ya rage waƙa. Mun amince da duka, musamman na ƙarshen.

Magana ta uku roƙo ce. Za a zo muku da tayi mai daɗin ji don ku sayar da gidajen nan. Ni an riga an tare ni yau a ƙofar coci. Ku yi murmushi, ku miƙa wa mai tayin shayi, ku nuna masa hanya. Mu so baƙi, mu karɓi baƙi, amma mu zauna a garin da muke yi wa hidima.

Allah ya sanya albarka a waɗannan gidaje, ya ƙara wa Doña Ingrid lafiya, ya kwantar da dutse, ya saukar da ƙanƙara daidai bukata, ya ba sauran 'yan haya nasu mukullan, ya mayar da kowa gida lafiya.

Shugaba, a fara rabon mukullai, kuma ina roƙon a ba ni nawa da wuri. Guduma da ƙusa suna cikin jakata. Hoton mahaifiyata ya daɗe a kwali, yau zan kafa shi a bango ba tare da na nemi izinin kowa ba.

Na gode, na gode ƙwarai.