An Kama Tullio, Gasa Ranar Lahadi

NIVES: Alo? Firenze ce? Masaukin 'yan gudu mata? Ersilia nake nema.

ERSILIA: Ni ce, Yaya. Ina wuni?

NIVES: Lafiya lau. Ya gajiya? Ya zafin garin?

ERSILIA: Da sauƙi. Ya Torino? Ya mijinki da yara? Ya ƙafar Mama?

NIVES: Tana nan dai, tana dingishinta. Suna ba ku abinci kuwa?

ERSILIA: Taliya safe da yamma, har da nama. Jiya na yi mita ɗari a sakan goma sha biyu da ɗigo takwas. Kocinmu har hularsa ya jefa sama.

NIVES: Madalla.

ERSILIA: Madalla kawai? Ke da ba ki taɓa kiran waya ba, yau kin je har shagon mai magani aron waya don ki tambaye ni taliya?

NIVES: Akwai mutum kusa da ke?

ERSILIA: Sinyora Bellodi, mai kula da mu. Tana bakin ƙofa da saƙarta. Yi magana, ni kaɗai ke jinki.

NIVES: An kama Tullio.

ERSILIA: An gama me? Layin na ƙara.

NIVES: Kamawa. Ƙaninmu. Ranar Litinin 'yan sanda suka je maɗaba'ar da yake aiki, suka samu takardun zagin gwamnati a ƙarƙashin injinsa.

ERSILIA: Yau fa Alhamis.

NIVES: Mama ce ta hana a gaya miki. Ana cewa tsibiri za a kai shi a tsare, shekara biyar.

ERSILIA: Zan hau jirgin ƙasa na yamma.

NIVES: Kada ki soma. Shi ya sa na kira. Jiya sakataren jam'iyya mai mulki na unguwarmu ya zo gida. Ya zauna a kujerar Baba, ya sha kofi, ya tsaya yana kallon lambobin yabonki da ke bango. Ya ce gidan da ya haifi 'yar da za ta kayar da Faransawa ranar Lahadi, ba za a rasa yi masa sassauci ba.

ERSILIA: Haka ya ce? In na ci?

NIVES: Bai ce "in" ba. Irinsu ba sa cewa. Ya ce kuma idan aka ji kin bar masauki, ma'aikatar saƙar da muke wa aiki za ta sallame mu, ni da ke.

ERSILIA: Shekara shida Mama na ce mini 'ya mace ba ta nuna cinya a fili. Ita ce fa ta jefa takalmina na gudu mai ƙusa a murhu.

NIVES: Yau da safe ta kunna miki kyandir a coci.

ERSILIA: Yaya... Na'am, Sinyora, gaisawa muke, kowa lafiya... Yaya, kina ji? Zan yi ƙasa da murya. Bayan gudun jiya, wani abu ya tsinke mini a bayan cinya. Na ɗaure da tsumma a ƙarƙashin safa. Ko matakala da ƙyar nake sauka.

NIVES: Likita ya gani?

ERSILIA: In ya gani, cire ni za su yi su sa 'yar Milano.

NIVES: To in kika gudu a haka fa?

ERSILIA: Mai yiwuwa in kai mita sittin. Bafaranshiyar da zan kara da ita kuwa, ko da ƙafata lafiya, tafin hannu ne tsakaninmu.

NIVES: Me zan ce wa Mama? Tana waje tana jirana.

ERSILIA: Ki ce ina cin abinci sosai. Ki kai wa Tullio rigar sanyina mai ruwan toka, ta fi tasa kauri.

NIVES: Ersilia, ba ki amsa mini ba. Idan kika faɗi a tsakiyar fili, gaban manyan nan...

ERSILIA: An busa usur, ana kiranmu atisaye. Sinyora ta miƙe.

NIVES: Dakata mana. Ki ce musu kanki ke ciwo, ki huta ko na yau...

ERSILIA: Ga ni nan, Sinyora. Ƙafata? Ba komai, takalmin ne ya matse ni.

NIVES: Alo? Ersilia? Alo?