Randar Inna a Shagon Malam Sani

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Hajara ce daga unguwar Sheshe.

Tun da mahaifinmu ya rasu, Inna ta daina fita, ko bayan ta gama takaba. Wata rana na lallaɓa ta ta raka ni sayen citta da kanumfari wajen Malam Sani, mai kayan ƙamshi a Ƙofar Nassarawa. Ya ba ta benci, ya miƙo mata ruwan leda mai sanyi. Inna ta ce, "Na gode ɗan nan, haƙorana ba sa son ruwan firji. Ni da ruwan randa na saba."

Da muka koma, sai ga 'yar randa a kusurwar shagon, da murfi da moɗa. Har saiwar jema mai sa ruwa ƙamshi ya saka a ciki. Ya ce, "Inna, ga randarki."

Ta sha, ta dube ni, ta ce, "Haka marigayi Malam, mahaifinku, yake son ruwansa." Sannan ta yi dariya, dariyar da muka daɗe ba mu ji ba.

Yanzu ita ke leƙa gwangwanin citta ta ce ta kusa ƙarewa, alhali ko rabi ba mu ci ba. Ga masu kayan ƙamshi a bakin layinmu, amma ta ce ita ba ta san su ba.

'Yan kasuwa, ku ji wannan. A gaishe mini da Malam Sani. Ya cika randa, gobe muna tafe.